Daga Karar Potiskum Zuwa Ikko: Yadda Ake Matse Bidiyo Ya Yi Daidai Da Awo

Duk wanda ya san harkar dabbobi a ƙasar nan ya san Potiskum. Garin yana cikin Jihar Yobe, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Azare ta nufi Damaturu da Maiduguri, kuma kasuwarsa ta shanu, wadda ke ci ranar Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Daga nan ake loda shanu da raguna a tireloli su nufo kurmi, tafiyar da ta wuce kilomita 1,000, wasu a sauke su a Kara da ke bakin hanyar Ikko zuwa Badun, wasu a Oko-Oba ta Agege, wasu a Akinyele, wasu kuma su gangara Lokpanta ta Jihar Abiya.

Wannan ciniki tun asali a kan amana yake tsaye. A zamanin da, fatake ne ke koro shanu a ƙasa, sa'an nan jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930 aka shiga loda su a tarago. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Badun ya kuma fitar da littafi a kan zaman Hausawan wurin a 1969, ya bayyana yadda ake ba mahauta shanu bashi, mai masauki ya tsaya wa baƙonsa, dillali kuma ya san wanda ke biya da wanda ba ya biya. Labarin kasuwa a bakin mutane yake tafiya, wanda ke kurmi kuwa ba ya ganin abin da aka saya masa sai ranar da aka sauke.

Yau abin ya sake. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, balle da aka sami mai kyamara da intanet, dillali yakan tsaya a tsakiyar kara ya ɗauki bidiyon bijimi ya aika wa mai saye a Agege, a yi ciniki a gama kafin la'asar. Ba kuma 'yan kasuwa kaɗai ba. Tsohuwa a unguwar Yerimaram tana son ta ga jikan da aka haifa mata a Idi-Araba. Wanda ke ci-rani a Fatakwal yana son ya ga inda ginin da yake aika wa kuɗi ya kai. Ɗaurin aure, da suna, da walimar sauka, duk ta waya ake halartarsu yanzu. Gani ya kori ji, in ji Hausawa.

To, amma akwai kuka iri uku da kowannenmu ya saba ji. Wani ya ce bidiyon ya ƙi tafiya. Wani ya ce ya tafi amma ya cinye masa data. Wani kuma ya ce ya iso, sai dai dishi-dishi, ba a bambance saniya da sa. Waɗannan ukun duk tushensu ɗaya ne, watau nauyin bidiyo, da yadda ake rage shi ya yi daidai da awon da hanya da aljihu za su ɗauka. Wannan shi ne abin da za mu duba yau.

Me ya sa bidiyo ke da nauyi?

Bidiyo ba kome ba ne illa hotuna da yawa da ake jerawa a nuna su da sauri, galibi 25 ko 30 cikin kowane sakan, har ido ya ɗauka motsi ne. Kowane hoto kuma an gina shi ne da ƙananan ɗigo-ɗigo masu launi. Wayar da aka ce tana ɗauka a 1080, ma'anarsa hotonta yana da ɗigo 1,920 a faɗi da 1,080 a tsaye. In an ninka, ɗigo 2,073,600 ke nan a hoto guda.

Ana auna nauyin abin da ke cikin waya da megabayit, kuma megabayit 1,000 shi ne kimanin gigabayit 1, irin wanda muke saye in mun sayi data. Da za a ajiye launin kowane ɗigo yadda yake, hoto guda zai ci megabayit 6 da 'yan kai. Hoto 30 a sakan ya zama megabayit 186. Minti ɗaya tak ya haura gigabayit 11. Ashe ke nan babu wayar da za ta iya riƙe bidiyon biki ɗaya, balle a aika shi.

Saboda haka tun a lokacin ɗauka waya take matse shi. Kamfanin Apple, alal misali, ya rubuta a cikin wayoyinsa cewa minti ɗaya na bidiyo a 1080 yana cin kimanin megabayit 60 da sabon tsari, ko 130 da tsohon tsari. Wannan ya ragu ƙwarai, amma duk da haka yana da nauyi ga mai sayen data da guminsa. Gigabayit 1 ba zai aika irin wannan bidiyo mai megabayit 130 ba sai guda 7. Ga shi kuma a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100.

A tuna kuma nauyin ba a kan mai aikawa kaɗai yake ba. Duk wanda ya buɗe bidiyon sai ya biya nasa. In aka jefa bidiyo mai megabayit 130 cikin zauren WhatsApp na 'yan unguwa mai mutum 50, kowa ya sauke, jama'ar nan sun ƙona gigabayit 6 da rabi. Da an matse shi ya koma megabayit 16, duk su hamsin ɗin ba za su kai gigabayit 1 ba.

Dabarar matsewa

Matse bidiyo yana tafiya ne a kan dabaru biyu manya. Ta farko ita ce zubar da abin da ido ba zai lura da rashinsa ba. Ana yanka hoto gida-gida ƙanana, a duba kowane gida, a riƙe babban fasalinsa na haske da launi, a watsar da ƙananan bambance-bambance. Lissafin da ake yin haka da shi wani masani ɗan asalin Indiya mai suna Nasir Ahmed ne ya kawo shi, ya kuma wallafa shi tare da abokan aikinsa biyu a Amurka a 1974. Har yau kusan duk hoto da bidiyon da ke wayarka a kan wannan lissafi suke tafiya.

Dabara ta biyu ita ce ƙin maimaita abin da bai sake ba. A ce malami yana zaune gaban bango yana karatu. Daga wannan hoto zuwa na gaba, bango yana nan yadda yake, tabarma tana nan, bakinsa da hannunsa ne kawai suka motsa. Sai na'ura ta ajiye cikakken hoto guda, sa'an nan ta riƙa rubuta abin da ya canja kaɗai, sai can an jima ta sake ajiye wani cikakke. Da wannan ake samun mafi yawan ragin.

A nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa bidiyon kara ya fi kowanne lalacewa. A kasuwar shanu babu abin da ke tsaye. Garke yana motsi, ƙura tana tashi, jama'a suna giftawa, mai ɗauka kuma yana tafe yana waiwaye da wayar a hannu. Kowane hoto ya bambanta da na bayansa, saboda haka na'ura ba ta samun abin da za ta ƙi maimaitawa. In an tilasta mata ta rage nauyi, sai ta shiga zubar da abin da ido ke bukata, hoton ya fashe gida-gida. Haka ma bidiyon da aka ɗauka da magariba ko cikin ɗaki mai duhu, gama kyamara takan cika shi da 'yan tsaki-tsaki masu rawa, na'ura kuwa ta ɗauka motsi ne, ta ɓata rabo a kansu.

Tsare-tsaren matsewa sun yi ta inganta. An fitar da MPEG-1 a 1993, H.264 a 2003, H.265 a 2013, sai AV1 a 2018. Kowane sabo yana ba da kyan hoto iri ɗaya da nauyin da bai kai na tsohon ba. Amma fa H.264 shi ne wanda kusan kowace waya ke buɗewa, tsohuwa da sabuwa. Wanda zai aika wa dattijo mai tsohuwar waya, gara ya tsaya a kansa.

Tsohon ciniki ne

Masu shekaru a cikinmu sun san wannan ciniki tun kafin a san intanet. Kaset ɗin bidiyo mai lamba 180 awa uku yake ɗauka. In mai biki ya so ya tura awa shida a ciki, akwai maɓallin da ke rage gudun zaren, a sami ninki biyu na lokaci, amma hoto ya dushe. Mazubi bai ƙaru ba, rabon kowane sakan ne ya ragu.

Haka aka yi da finafinan Hausa. An soma da kaset a Kano, inda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga baya aka koma faifan VCD. Shi wannan faifai ƙa'idarsa a yanke take. Hotonsa ɗigo 352 ne a faɗi da 288 a tsaye, kuma faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80. Fim in ya wuce haka, dole a raba shi faifai biyu. Da wayoyi masu katin memori suka yawaita, sai masu shagunan tura finafinai suka shiga matse fim ya ƙanƙance ƙwarai, don kati ɗaya ya ɗauki da yawa. Duk wanda ya kalli irin waɗannan ya san yadda fuskoki ke narkewa in an soma rawa.

WhatsApp ma, wanda aka kafa a 2009, ya yi shekaru da yawa bai yarda bidiyo ya wuce megabayit 16 ba. Daga baya ya sassauta. A 2022 ya yarda a aika abin da ya kai gigabayit 2 in an aika shi a matsayin takarda, a 2023 kuma ya kawo maɓallin HD don mai son hoto ya fi fita. Wasiƙar Gmail kuwa megabayit 25 ce iyakar abin da ake liƙa mata. Amma ko da kamfani ya buɗe ƙofa, ƙarfin layi da kuɗin data su ne iyaka ta gaskiya. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Lissafin awo

Ga asirin abin duka, kuma ba shi da wuya. Nauyin bidiyo shi ne rabon da aka ba kowane sakan, a ninka da yawan sakan. Ana auna wannan rabo da kilobit. Megabayit 1 daidai yake da kilobit 8,000. Wanda ya san awon da yake so, ya kuma san tsawon bidiyonsa, to, ya san rabon da kowane sakan zai samu.

Bari mu gwada da megabayit 16. In an ninka da 8,000 an sami kilobit 128,000. Sai a ware kashi 5 cikin 100 a gefe, domin mazubin bidiyo kansa yana cin wani abu, lissafin na'ura kuma yakan ɗan zarce. Saura 121,600. Murya ma tana da nata rabo, kilobit 64 a sakan ya ishe ta sarai.

In bidiyon sakan 30 ne, kowane sakan zai sami kusan kilobit 4,000 na hoto. Wannan wadata ce, za a ga har gashin jikin dabba. In minti 2 ne, rabon ya sauko kimanin 950. In minti 5 ne, 340. In kuwa minti 10 ne, abin da ya rage wa hoto bai wuce 140 ba, wanda ko fuskar mutum da ƙyar zai fitar. Awo ɗaya ne duka, megabayit 16, amma na farko ya sami ninki kusan 30 na abin da na ƙarshe ya samu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin lodi ya san wannan. Tirela ɗaya ce, faɗinta ba ya ƙaruwa. In an zuba shanu daidai kima, su isa kurmi a tsaye da ƙarfinsu. In an yi haɗama an cusa fiye da kima, su iso a galabaice, wasu ma a kwance.

Da rabo ya yi kaɗan, magani shi ne a rage yawan ɗigon da za su raba shi. Hoto mai 720 bai kai rabin ɗigon mai 1080 ba. Mai 480 kimanin kashi ɗaya ne cikin biyar. Mai 360 kashi ɗaya cikin tara. Ƙaramin hoto mai tsabta ya fi babba wanda ya farfashe, balle ma a fuskar waya za a kalla. Rabon 950 zai riƙe 480 da kyau, har ma 720 in babu motsi da yawa. Rabon 340 kuwa sai 360.

Inda na'ura ke karɓar aikin

Ba wanda zai zauna da alƙalami yana wannan lissafi duk lokacin da zai aika bidiyo. Shi ya sa aka ɗora wa na'ura. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna FFmpeg, wadda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya soma a shekarar 2000. Ita ce injin da ke ƙarƙashin manhajoji da yawa na matse bidiyo, na kwamfuta da na waya. Wanda ya iya rubuta wa kwamfuta umurni yakan tsara mata jerin matakai sau ɗaya, daga nan sai dai a ba ta bidiyo a faɗa mata awon da ake so.

Matakan su ne waɗanda muka bi yanzu. Za ta karanta tsawon bidiyon. Za ta raba awon da aka zaɓa da yawan sakan, ta cire rabon murya da ɗan abin da ake warewa. Za ta duba rabon da ya fito ta zaɓi girman hoton da ya dace da shi. Sa'an nan ta matse. In ta gama sai ta auna abin da ya fito, in ya zarce awo ta ɗan rage rabon ta sake.

Mafi kyan aiki shi ne wanda ake yi zagaye biyu. A zagaye na farko na'ura ba ta fitar da kome, kallon bidiyon kawai take yi daga farko har ƙarshe, tana rubuta inda motsi ya yi yawa da inda abubuwa suka lafa. A na biyu sai ta raba abin da ke hannunta da sani, ta tsuke a inda mutum ke zaune shiru, ta saki a inda bijimi ya zabura. Gwanin lodi ma haka yake yi, sai ya zaga ya ga kayan duka kafin ya ɗora na farko. Zagaye biyu ya fi cin lokaci, amma shi ke sa bidiyo ya faɗa daidai awo ba tare da an yi asarar rabo ba.

Akwai wata hanyar dabam, inda ake zaɓar kyan hoto a bar nauyi ya zo yadda ya zo. A injin x264, wanda ke matsewa bisa tsarin H.264, ana zaɓar lamba daga 0 zuwa 51, an kuma saba farawa da 23. Duk sa'ad da aka ƙara 6, nauyi yakan ragu kimanin rabi, hoto kuma ya ɗan dushe. Wannan hanya ta fi dacewa da ajiya, amma ba ta yi maka alkawarin awo. Masu son haɗa biyun sukan sa na'ura ta gwada lamba, ta auna, ta hau ko ta sauka, har ta dace da mafi kyan hoton da zai shiga awon. Manhajar HandBrake ta kwamfuta, ita ma ta kyauta, tana da hanyoyin biyu, sai dai a cikinta mutum ne zai lissafa rabon ya rubuta da kansa.

Ga mai shagon tura finafinai ko mai ɗaukar biki a Potiskum, amfanin wannan a fili yake. Zai iya zuba bidiyo 20 cikin jaka ɗaya da dare, ya wayi gari kowanne ya koma awon da ya yanka, ya aika wa dangin amarya na Ikko da Anacha ba tare da ya zauna kan kowanne ba. Sana'a ce ƙarama da matasanmu masu kwamfuta za su iya ƙarawa a kan wadda suke yi.

Abin da na'ura ba ta sani ba

Sai dai fa, jama'a, na'ura ta iya lissafi amma ba ta san abin da ake nema a gani ba. A wurinta ƙurar kara da idon bijimi duk ɗigo ne. Ba ta san mai saye yana son ya ga haƙora don ya san shekaru ba, da kofato, da tozo, da yadda dabbar ke taka ƙasa. Abin da matsewa ke fara sharewa kuwa shi ne ƙananan abubuwa, watau daidai inda kirci, da kaska, da ƙurji, da tabon rauni suke. Bidiyon da aka matse fiye da kima yana iya ɓoye aibin dabba ko da mai aikawa bai yi nufin haka ba, yana kuma iya sa lafiyayyen Bunaji ko ragon Balami ya fito kamar abin tausayi, a taya shi ƙasa da darajarsa. In tirela ta iso aka ga abin da ba a gani a waya ba, rigima ta tashi, amanar shekaru kuma ta sami tabo. Kuɗin sa guda a yau ba abin wasa ba ne, balle gab da Babbar Salla.

Saboda haka rabin aikin a hannun mai ɗauka yake, tun kafin a zo ga matsewa. Abu na farko, a gajarta. Lissafin da muka yi ya nuna babu abin da ke ƙara kyan hoto kamar rage tsawo. Dabba ɗaya, bidiyo ɗaya, sakan 30. Gara a aika guda biyar gajeru da a aika ɗaya mai minti biyar ana yawo cikin garke. Na biyu, a fitar da dabbar gefe inda babu cunkoso, a sa rana a bayan mai ɗauka, a riƙe waya da hannu biyu a tsaya cik, a bar wani ya juya dabbar ya kuma ja ta ta yi taku. Na uku, abin da ke bukatar a ƙura masa ido, kamar haƙori ko tsagewar bango a gini ko rubutun rasit, a ɗauke shi hoto tsayayye. Hoto guda ya fi bidiyo fitar da irin wannan, nauyinsa kuma kaɗan ne.

In kuwa magana ce ake son isarwa, kamar nasihar dattijo ko bayanin yadda aka kashe kuɗin gini, to, murya ta wadatar. Minti ɗaya na murya bai wuce rabin megabayit ba. Iyayenmu da suka zo kurmi a da sukan ɗauki magana a kaset su ba direba ya kai gida, saƙo kuma ya isa sarai.

Hattara da waɗannan

Abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa. Kada mutum ya goge ainihin bidiyonsa don ya sami matsattse. Wannan ya fi muhimmanci in bidiyon shaida ne, kamar mota ta yi haɗari a hanya, ko dabbobi sun mutu kafin a sauke, ko kaya sun iso a lalace. Na asali yana ɗauke da kwanan wata da lokacin da aka ɗauka, kuma shi ya fi fitar da lambar mota da fuskoki. In ana son ya isa yadda yake, a aika shi a matsayin takarda, a daure a biya datar.

Kada kuma a matse abin da aka riga aka matse. Duk bidiyon da aka sauke daga wani dandali aka sake ɗora shi a wani, an sake zubar da wani abu daga cikinsa. Kullum a koma ga na asali a matse daga can.

Akwai shafunan intanet da ke cewa a ba su bidiyo su matse kyauta. A lura, kafin su matse sai ka ɗora musu shi da cikakken nauyinsa, watau datar da kake gudun ƙonawa ta riga ta ƙone. Bugu da ƙari ka miƙa hoton iyalinka ga mutanen da ba ka sani ba. Manhajar da ke yin aikin a cikin wayarka ko kwamfutarka ta fi. Ita ma in ta nemi izinin ganin lambobin mutanenka ko saƙonninka, a guje ta, gama matse bidiyo ba ya bukatar waɗannan.

Daga ƙarshe, bidiyo komi kyansa ba ya maye gurbin amintaccen mutum. Macuta sukan ɗauki tsohon bidiyo, ko na dabbar wani, su nemi a aika musu kuɗi. Mai saye ya nemi a ambaci sunansa da kwanan wata a cikin bidiyon ana dafe da dabbar, ko a kira shi kiran bidiyo ya gani da idonsa a lokacin, sa'an nan ya sa wanda ya sani a kara ya je ya duba. Hausawa sun daɗe da hana cinikin biri a sama.

Mutanen Yobe sun ɗanɗana zama babu layi a 2013, lokacin da aka katse wayoyi a jihar kusan wata biyu saboda dokar ta-ɓaci, sun san darajar wannan hanya da ta haɗa su da 'ya'yansu na kurmi. Abin da ya rage gare mu shi ne mu yi amfani da ita da lissafi. Kafin ka danna aikawa, ɗan'uwa, ka tambayi kanka abu uku: me nake so a gani, sakan nawa zai ishe shi, kuma megabayit nawa wanda zan aika wa zai iya saukewa? In ka amsa waɗannan, sauran aikin na'ura za ta yi maka. Allah ya ba da kasuwa, ya kuma kai kowa gida lafiya.